Hali, hankali da amana: tarihin izinin sanin asirin gwamnati a Amurka, 1947-2023

Gabatarwa

Kowace gwamnati tana da abubuwan da ba ta son su fita waje: shirin soja, sunayen masu kawo mata labari daga wasu ƙasashe, dabarar ƙera makami. Amma asiri ba ya tsare kansa, dole sai an danƙa shi ga mutane. Saboda haka tambayar da ke gaban hukuma kullum ita ce: wa za a ba amana, kuma da me za a gane shi? Waɗanda suka yi aiki a ma'aikatun da suka gaji tsarin Faransa sun san anketin moralite da ake yi kafin a ba mutum wasu muƙamai, sun kuma san tambarin secret-défense da ake bugawa bisa wasu takardu. A Amurka wannan al'amari ya zama babban tsari mai dokokinsa da alƙalansa, wanda a shekara ta 2019 ya shafi mutum fiye da miliyon 4, sojoji da ma'aikatan gwamnati da na kamfanonin da ke yi mata kwangila. A cikin wannan takarda za mu kira shi izinin sanin asiri.

Abin da za mu bi sawunsa shi ne matsayin abubuwa biyu a cikin wannan hukunci, wato halin mutum da lafiyar hankalinsa, daga 1947 zuwa 2023. Da yake aikinmu nazarin harshe ne, za mu fi maida hankali ga kalmomin da dokokin suka yi amfani da su, domin kalma guda a cikin doka tana iya raba mutum da abincinsa. Hausa ma ta ba mu mabuɗi: kalmar asiri tana nufin abin da ƙasa ke ɓoyewa, tana kuma nufin abin da mutum ke roƙon Allah ya rufa masa. Ra'ayinmu shi ne, gwamnatin Amurka ta daɗe tana zaton haɗari yana cikin sunan da aka laƙaba wa mutum, mahaukaci ko mai mugun hali, har abubuwan da suka faru suka nuna mata cewa haɗarin ya fi yawa cikin abin da aka ɓoye, kuma tambayoyinta na cikin abubuwan da ke sa a ɓoye.

1. Daga biyayya zuwa tsaro, 1947-1954

Ran 21 ga Maris 1947, a farkon yaƙin cacar baka, shugaba Truman ya sa hannu ga doka mai lamba 9835, wadda ta kafa binciken ma'aikatan gwamnatin tarayya. Kalmar da ke tsakiyar wannan doka ita ce biyayya. Kafin a kori ma'aikaci sai an sami dalili mai ƙarfi na gaskata cewa ba ya biyayya ga ƙasa, alal misali yana cikin wata ƙungiya ta ƴan kwaminis. A 1951 an sassauta wa hukuma sharaɗin: shakka game da biyayyar mutum ta isa. Duk da haka tambayar ta siyasa ce, wato wane gefe mutum yake.

Ran 27 ga Afirilu 1953 shugaba Eisenhower ya soke wannan tsari da doka mai lamba 10450. Kalmar biyayya ta ja baya, kalmar tsaro ta maye gurbinta. Daga nan ba a tambayar ko mutum maci amana ne. Ana tambayar ko riƙe shi a aiki ya dace ƙarara da tsaron ƙasa. Bambancin yana da girma. Mutum na iya son ƙasarsa da zuciya ɗaya, amma a ce shi haɗari ne, domin yana shan giya fiye da kima, ko yana da bashi, ko yana da wani abin kunya da abokin gaba zai iya yi masa barazana da shi. Sashe na 8 na dokar ya jera abubuwan da mai anketi zai nema: ƙarya ko ɓoye gaskiya da gangan, aikata laifi, halin rashin ɗa'a ko na abin kunya da ya shahara, maye, shan ƙwaya, da abin da dokar ta kira karkacewar jima'i.

A cikin wannan jeri ne lafiyar hankali ta shigo. Rubutun farko na 1953 ya ambaci wanda kotu ta yanke cewa mahaukaci ne, da wanda aka yi wa magani na babban ciwon hankali ko na jijiya ba tare da gamsasshiyar shaidar warkewa ba. Ke nan zuwa wurin likita shi kansa ya zama alama, kuma nauyin kawo shaidar warkewa yana kan majinyaci. A watan Agusta 1954 an gyara wannan jimla: aka ce kowane ciwo, har da na hankali, wanda a ganin ƙwararren likita zai iya kawo babbar illa ga tunanin ma'aikaci ko ga dogaro da shi, tare da lura ko ciwon mai wucewa ne ko mai zama. Gyaran ya fi adalci a takarda. Sai dai ciwo ya ci gaba da zama cikin sashe ɗaya da sata da ƙarya da maye, kuma duk wanda ya karanta jerin ya fahimci cewa a idon hukuma ciwon hankali ɗan uwan mugun hali ne.

2. Hali zanen dutse

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, kuma da wannan fahimta aka yi aiki da dokar 1953. Misalin da ya fi shahara shi ne na Robert Oppenheimer, masanin da ya shugabanci ɗakin binciken Los Alamos inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko. A watan Disamba 1953 aka dakatar da izininsa, aka zauna sauraron maganarsa a watannin Afirilu da Mayu 1954. Kwamitin mutum uku ya yarda cewa shi mai biyayya ne, amma biyu daga cikinsu suka ce kada a maida masa izini. Ran 29 ga Yuni 1954 Hukumar Makamashin Nukiliya ta tabbatar da haka da ƙuri'a 4 bisa 1, tana cewa akwai manyan aibobi a halinsa. Babbar hujjarta ita ce ƙaryar da ya yi a 1943: abokinsa Haakon Chevalier, malamin adabin Faransanci, ya gaya masa cewa akwai wani mai hanyar kai bayanai ga Tarayyar Sobiyat, Oppenheimer ya ƙi, amma ya yi watanni bai faɗa ba, da ya zo faɗa kuma ya ƙaga labari don ya kare abokin. Hukuma ta san da wannan magana tun kafin ta sabunta masa izini a 1947. Abin da ya sake a 1954 shi ne siyasa, musamman adawarsa da ƙera bam ɗin haidirojin. A watan Disamba 2022, shekara 55 bayan rasuwarsa, ministar makamashi Jennifer Granholm ta soke hukuncin, tana cewa an yi shi da son kai. Darasin da muke ɗauka shi ne, kalmar hali tana da faɗin da za a iya zuba kowane irin ƙorafi a cikinta.

Waɗanda suka fi shan wuyar wannan faɗi su ne ma'aikata masu neman jinsinsu. A watan Fabrairu 1950 wani babban jami'in ma'aikatar harkokin waje, John Peurifoy, ya shaida wa majalisar dattawa cewa an sallami irin waɗannan mutane 91. A watan Disamba na wannan shekara kwamitin sanata Clyde Hoey ya fitar da rahoto mai hujja biyu: wai ba su da natsuwar zuciya, kuma ana iya tilasta su su sayar da asiri don tsoron tonon silili. Hujja ta farko ta sami goyon bayan likitoci, domin kundin cututtukan hankali da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 1952 ya sa wannan hali cikin cututtuka. Hujja ta biyu kuwa, misali guda rahoton ya dogara da shi, na kanar Alfred Redl na sojan Ostiriya, wanda aka gano yana yi wa Rasha aiki a 1913. Ba a kawo misali ko ɗaya daga Amurka ba. A 1957 wani kwamitin sojan ruwa, wanda aka sani da rahoton Crittenden, ya ce babu shaidar da ta nuna cewa sun fi sauran mutane haɗari. Aka ajiye rahoton ba a fitar da shi ba sai 1976.

A nan akwai wani zagaye da ya kamata mu lura da shi. Doka ta ce duk wanda aka gano za a kore shi. Saboda haka dole mutum ya ɓoye. Sa'an nan hukuma ta ce ai ga shi yana da abin ɓoyo, ana iya yi masa barazana. Ke nan dokar ce ke haifar da haɗarin da take cewa tana tsoro. Frank Kameny, masanin taurari da aka kora daga ofishin taswirar soja a 1957, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta ƙi saurarensa a 1961. Sai a 2009 gwamnati ta roƙe shi gafara a rubuce. A 1960 kuma, lokacin da ma'aikata biyu na hukumar NSA mai sauraron sadarwa, William Martin da Bernon Mitchell, suka gudu Mosko suna bayyana dalilansu na siyasa gaban ƴan jarida, an fassara tafiyarsu da karkacewar jima'i, aka kori wasu ma'aikata 26 da wannan suna. Binciken cikin gida na hukumar, wanda ya fito fili bayan shekaru da yawa, bai tabbatar da zargin da aka yi wa mutanen biyu ba.

3. Dosiyen likita ya zama makami

Kotuna sun fara rage wannan iko kaɗan kaɗan. A 1956, a shari'ar Cole, Kotun Ƙoli ta ce korar gaggawa da sunan tsaro ba ta shafi kowane muƙami ba, sai wanda ke da alaƙa da tsaron. A 1959, a shari'ar Greene, ta ƙi yarda a raba injiniya da izininsa bisa maganar mutanen da bai gani ba, tunda babu dokar da ta ba da ikon yin haka. Wannan ya sa a 1960 aka ba ma'aikatan kamfanoni damar kare kansu gaban mai sauraro. A 1969, a shari'ar Norton, kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ta kawo wata kalma mai amfani, wato alaƙa: kafin a kori ma'aikaci saboda abin da yake yi a rayuwarsa ta gida, sai an nuna yadda abin ya shafi aikinsa. A watan Disamba 1973 likitoci suka cire neman jinsi daga kundin cututtuka, a 1975 kuma hukumar ma'aikata ta janye haramcin ɗaukar su aiki, ko da yake maganar izinin sanin asiri ta rage.

Amma a daidai wannan lokaci abubuwa biyu sun koya wa duk wani ma'aikaci tsoron likitan ƙwaƙwalwa. A 1971 Daniel Ellsberg, wanda yake da izini mai girma, ya ba jaridu takardun asiri na ma'aikatar tsaro game da yaƙin Biyetnam. A watan Satumba na wannan shekara wasu mutanen fadar shugaba Nixon suka fasa ofishin likitansa, Lewis Fielding, a Kaliforniya, suna neman abin da za su ɓata masa suna da shi. Da abin ya tonu, alƙali ya kori ƙarar da ake yi wa Ellsberg a watan Mayu 1973. A 1972 kuma sanata Thomas Eagleton, wanda aka tsayar takarar mataimakin shugaban ƙasa, ya janye bayan kwana 18, saboda an gano an taɓa kwantar da shi asibiti sau uku tsakanin 1960 da 1966 don ciwon damuwa, har an yi masa magani da wutar lantarki. Maganar Eagleton ba ta izinin sanin asiri ba ce, amma saƙon ya isa ko'ina: wanda ke son amanar ƙasa kada a gan shi ƙofar likita.

4. Abin da maciya amana suka koyar, 1985-1997

Shekara ta 1985 ta girgiza wannan tsari, domin a cikinta aka tona maciya amana da yawa a jere. John Walker, tsohon jami'in sojan ruwa, ya yi kusan shekara 18 yana sayar wa Sobiyat mabuɗan sadarwa, kuma tsohuwar matarsa ce ta kai maganarsa. Ronald Pelton ya bar NSA a 1979 bayan ya karye da bashi. Edward Lee Howard, wanda CIA ta kora a 1983, ya gudu Mosko da fushinsa. Sa'an nan a watan Fabrairu 1994 aka kama Aldrich Ames, jami'in CIA da ya fara cin amana tun 1985 lokacin da bashi ya dame shi, wanda sanadinsa aka kashe aƙalla mutum 10 da ke yi wa Amurka aiki a Tarayyar Sobiyat. Abokan aikinsa sun san yana shan giya har ya fita hayyacinsa, ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, ya kuma wuce gwajin na'urar gano ƙarya sau biyu, a 1986 da 1991. Kowa ya gani, babu wanda ya ɗauki mataki kan lokaci.

Waɗannan mutane ba su dace da hoton 1950 ba. Abin da ya tura su shi ne kuɗi da bashi da fushi da son a san da su, kuma duk sun fara cin amana bayan an riga an tantance su. A 1986 ma'aikatar tsaro ta kafa cibiyar bincike ta PERSEREC a Monterey don nazarin wannan al'amari da ƙididdiga, a 1991 kuma masanin halayyar ɗan Adam Theodore Sarbin ya rubuta mata rahoton da ya nuna cewa babu alaƙa tsakanin neman jinsi da cin amana.

A ɓangaren shari'a kuwa ikon hukuma ƙaruwa ya yi. Thomas Egan lebura ne a tashar gyaran jiragen ƙarƙashin ruwa a jihar Washinton. An hana shi izini saboda tsofaffin laifuka da shan giya, da kuma wasu hukunce-hukuncen kotu da bai faɗa ba a takardar neman aiki. A 1988 Kotun Ƙoli ta ce babu mai haƙƙin samun izinin sanin asiri, hukuncin na ɓangaren zartarwa ne, kuma idan za a yi kuskure gara a yi shi wajen hanawa. Ke nan tunda kotu ba za ta sake auna hujjar ba, kariyar ma'aikaci ta koma cikin kalmomin ƙa'idar da hukuma ta rubuta wa kanta.

Waɗannan kalmomi sun sake ran 2 ga Agusta 1995, da dokar shugaba Clinton mai lamba 12968. Ta hana nuna bambanci saboda neman jinsi wajen ba da izini. Ta kuma ce ba za a ɗauki zuwa neman shawarar masanin hankali shi kaɗai a matsayin abin zargi ba, hasali ma yana iya zama abin yabo. A 1997 aka fitar da ƙa'idoji 13 na bai ɗaya, masu haruffa daga A zuwa M, aka raba abin da dokar 1953 ta cakuɗa: halin mutum ya sami harafin E, kuɗi F, giya G, ƙwaya H, lafiyar hankali I, laifuka J. An kuma umarci mai hukunci ya auna mutum gaba ɗayansa: girman abin da ya yi, yaushe ya yi shi, sau nawa, yana da shekara nawa a lokacin, ko ya gyara, ko akwai alamar zai sake. Wannan ya sa lokaci ya shigo cikin hukunci. Hali ya daina zama zanen dutse a idon doka, ya zama abin da ke iya sakewa.

5. Tambaya ta 21

Doka ta sake, amma takardar da mutum ke cikawa, wadda ake kira SF-86, ta ci gaba da tambayarsa a lamba ta 21 ko ya ga masanin lafiyar hankali cikin shekara 7 da suka wuce. An keɓe shawarar aure da ta iyali da ta baƙin cikin rashi kawai, muddin babu tashin hankali daga wurin mai amsawa. Wanda ya ce e, ana iya zuwa wurin likitansa. A fannin nazarin harshe mun san cewa tambaya ba neman labari kaɗai take yi ba, tana kuma gaya wa wanda aka tambaya abin da mai tambaya ke ɗauka laifi. Ma'aikaci bai karanta doka mai lamba 12968 ba, amma ya karanta tambaya ta 21, tana kusa da tambayoyin ƴan sanda da ƙwaya da giya.

Yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi sun fito da illar haka. Binciken Charles Hoge da abokansa na 2004 ya nuna cewa cikin sojojin da gwaji ya nuna suna da matsalar hankali, kashi 23 zuwa 40 cikin 100 ne kawai suka nemi taimako, kuma kusan rabinsu sun ce suna tsoron abin ya ɓata musu aiki. A watan Afirilu 2008 cibiyar RAND ta ƙiyasta cewa kimanin sojoji 300,000 da suka dawo suna fama da ciwon firgita na bayan yaƙi ko matsananciyar damuwa, kuma kusan rabinsu ne suka je neman magani. Ran 1 ga Mayu 2008 ministan tsaro Robert Gates ya ba da sanarwar cewa wanda ya nemi shawara saboda abin da ya gani a fagen fama yana iya amsa a'a. A watan Afirilu 2013 aka ƙara waɗanda aka yi wa fyaɗe cikin masu wannan dama.

A ƙarshen 2016 aka sake rubuta tambayar daga tushe. An daina tambayar ko mutum ya ga likita. Aka koma tambayar ko kotu ta taɓa yanke cewa ba ya iya riƙe al'amuransa, ko ta umarce shi ya ga likita, ko an taɓa kwantar da shi asibiti, ko an same shi da ɗaya daga cikin wasu manyan cututtuka da aka ambata da sunansu, ko kuma yana da wani ciwo da ke taɓa tunaninsa da amincinsa ƙwarai. A watan Janairu 2017 aka soke dokar 1953 baki ɗaya, a watan Yuni kuma sababbin ƙa'idoji suka fara aiki. A watan Nuwamba 2023 an amince da wata sabuwar takardar tambayoyi da aka shirya don ta maye gurbin SF-86, wadda ta ƙara taƙaita wannan sashe.

6. Ɗaya gefen maganar

Kada a fahimci abin da muka faɗa kamar ciwon hankali ba ya da wani haɗari. Ran 16 ga Satumba 2013 Aaron Alexis, tsohon sojan ruwa da ke aiki da wani kamfanin kwangila, ya harbe mutum 12 a sansanin sojan ruwa na Washinton. Yana riƙe da izinin da aka ba shi tun 2008. An taɓa kama shi a Seattle a 2004 don ya harbi tayoyin wata mota, amma rahoton anketi bai ambaci bindiga ba. Makonni kaɗan kafin kisan ya gaya wa ƴan sanda a Newport cewa yana jin muryoyi, labarin bai kai ga masu hukuncin izini ba. Alamun sun bayyana a aikace gaban mutane da yawa, sai dai babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya. Bayan wannan, da kuma fitar da takardun da Edward Snowden ya yi a watan Yuni 2013, aka fara barin tsarin sake anketi bayan shekara 5 ko 10, aka koma bin bayanan kotu da na bashi a kai a kai. Tsarin yana da nasa tsadar: a 2015 aka gano an sace bayanan mutum miliyon 21.5 daga kwamfutocin ofishin ma'aikata, har da abin da suka rubuta a SF-86. Gwamnatin da ta nemi mutane su buɗe mata asirinsu ta kasa rufa musu shi.

Ƙididdigar hukumar DCSA, wadda ta karɓi aikin anketi a 2019, ta nuna inda ma'auni ya tsaya. Cikin hukunce-hukunce fiye da miliyon 5.4 tsakanin 2012 da 2020, 62 kawai aka hana ko aka janye saboda lafiyar hankali ita kaɗai. A ƙararrakin ma'aikatan kamfanoni kuwa, bashi da sauran matsalolin kuɗi su suka fi kowane dalili yawa. A ƙa'idojin 2017, wanda ya je neman magani da kansa yana bin umarnin likita, wannan na cikin abubuwan da ke wanke shi. Ƙin bin magani shi ne abin damuwa. A harafin E kuma abin da aka fi ba nauyi shi ne ƙarya a lokacin anketi, wadda dokar tarayya ke hukuntawa da kaso har shekara 5, yayin da wanda ya gyara maganarsa da kansa kafin a tunkare shi da ita yake samun sassauci. Ke nan mutum biyu masu ciwo iri ɗaya na iya samun hukunci dabam: wanda ya faɗa ya riƙe izininsa, wanda ya ɓoye ya rasa shi, kuma ƙaryar ce ta kada shi.

Kammalawa

Mun ga yadda kalmar da ke tsakiyar hukunci ta tashi daga biyayya a 1947 zuwa tsaro a 1953, yadda hali da hankali suka zauna cikin jimla ɗaya har fiye da shekara 40, da yadda aka raba su a 1995 da 1997. Mun kuma ga cewa gyaran doka bai isa ba muddin tambayar da ke gaban ma'aikaci tana faɗin wani abu dabam: tsakanin dokar Clinton da sake rubuta tambaya ta 21 an yi shekara 21. A tsawon wannan lokaci mutane da yawa sun zauna da ciwonsu don tsoron hukuncin da, bisa ƙididdigar da muka kawo, da wuya ya faɗo musu.

Ikon hukuma bai ragu ba, domin hukuncin Egan yana nan, kuma kalmar hali ba ta rasa faɗin da aka kada Oppenheimer da shi ba. Abin da ya sake shi ne irin tambayar: an rage tambayar wane irin mutum ne wannan, an ƙara tambayar me ya yi, yaushe, ya faɗa ko ya ɓoye, ya nemi gyara ko bai nema ba. Ga duk wanda zai rubuta irin waɗannan tambayoyi, ko ya fassara su zuwa wani harshe, aikin farko shi ne ya duba abin da kalmominsa za su sa mai amsawa ya yi shiru a kansa.